Ma'aikaci Ne Ko Ɗan Kwangila?

Rani ya shigo, ayyuka sun tashi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, nan ana fasa dutse, can ana ɗora azuzuwan makaranta. To, in lebura ya faɗo daga kan tsani ya karye, wa zai biya shi diyya? Amsar tana bakin alƙalamin akawun da ya rubuta sunansa.

Tun zamanin En'e akwai dokar diyyar ma'aikata, ta 1941. Aka sake ta a 1987, sa'an nan a 2010 aka kafa wadda ake bi yanzu. Ita ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata a asusun inshora na NSITF, daga aljihunsa, ba a taɓa ko kwabon ma'aikaci. Mai naira 70,000, watau mafi ƙarancin albashi na 2024, naira 700 ke nan za a zuba masa a wata. Dokar ba ta ware leburan wucin gadi ba, balle ma'aikacin ƙaramar hukuma.

Ga inda dabara take shigowa. Ɗan kwangila mai cin gashin kansa ba ya cikin takardar albashi, don haka ba a zuba masa kome. Sai ka ga magini ya shekara biyu wurin maigida ɗaya, ya zo ƙarfe bakwai, ya tashi la'asar, kayan aiki na maigida, umarni na maigida, amma a littafi wai ɗan kwangila ne, don kawai naira 700 ta tsira. Mu dai a wurinmu wannan rowa ce, ba tattali ba. Alƙali kuwa ba suna yake dubawa ba, abin da yake tambaya shi ne wa ke juya aikin.

Ko da kwangilar ta gaskiya ce ma, dokar 2010 ta ɗaure mai ba da aiki da ɗan kwangila da igiya ɗaya. In ɗan kwangila bai zuba kuɗin leburorinsa ba, hukuma tana iya karɓa daga hannun wanda ya ba shi aikin, shi kuma yana da ikon cirewa daga kuɗin kwangilar.

Saboda haka muna roƙon akawunan ƙananan hukumomin nan biyu, kafin su shirya takardar biyan ɗan kwangila, su nemi ganin rasit ɗin NSITF. Malamin da ake gini a makarantarsa kuma ya tambayi magina da wane suna aka rubuta su, tun ba a kafa tsani ba.