Gicciyen Rumawa da Gidan Layar Gobir

Tsakanin ƙarni na 9 da na 12, maƙeran daular Rumawa ta Gabas sun yi ta ƙera wani ƙaramin gicciye da ake ratayawa a wuya. Ɓari biyu ne masu buɗewa da rufewa, cikinsa da rami. A ramin nan mai shi yake ajiye ɗan ɓallin itacen da Kiristoci suka yi imani a kansa aka gicciye Annabi Isa (AS), ko ƙashin wani waliyyinsu. Talaka na tagulla yake saye. Na manya kuwa zinariya ce, kamar wanda aka tono a Pliska ta ƙasar Bulgeriya a 1973, wanda maƙerin ya zana wa hotuna, ya cike zanen da baƙin haɗin azurfa da farar wuta, duk a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba. A Ailan ma, wajen 1123, Sarki Turlough O'Connor ya sa aka ƙera Gicciyen Cong don ajiye irin wannan ɓallin itace. Ɓallin itacen ya ɓace tuni, amma gidansa na nan a gidan tarihi na Dublin, kuma daga jikinsa masana suke karanta hannun maƙeran wancan zamani.

Ƙasar Gobir tana da makamancin wannan, sai dai ba mu ɗauke shi da daraja ba. Laya rubutu ce da aka naɗe, amma baduku ne yake ɗinka mata gida da jar fata, ko maƙerin fari ya yi mata na azurfa. Haka kambu da guru na mayaƙa. Aƙidar ta bambanta da ta Rumawa nesa ba kusa ba, tunanin mai sana'ar ne ya zo ɗaya: abin da aka girmama ba a barinsa tsirara. Waɗannan kayan shaida ne, kuma Gobir tana buƙatar shaida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a littafinsa Infaƙul Maisuri zancen cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Masar ne, wasu kuma suna jingina maganar da gicciyen Agadas na Buzaye, tunda daga Azbin Gobirawa suka gangaro. Kamannin siffa ba hujja ba ne. Ƙarfe da fata da salon zane su ne za a auna, su kuwa sun warwatsu tun faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, wasu Tsibiri, wasu Sabon Birni, wasu a adakar tsofaffi.

Malamai da dama za su ce laya abar ƙi ce, me ya kai mu adana ta? Saɓanin malamai kan rataya ayoyi tsoho ne, kuma ba shi ake neman warwarewa ba. Wanda ya ajiye gidan laya a gidan tarihi bai dogara da ita ba, aikin baduku ya adana. Wasu kuma za su ce yankin da 'yan bindiga suka hana noma, wa yake ta tsohuwar fata? Wannan magana tana da nauyi, rai ne gaba da komai. Amma ƙauyen da aka ƙone a yankin Isa ko Sabon Birni yana ƙonewa ne da adakarsa, kuma tsohon maƙerin da ya yi gudun hijira ba ya da wanda zai koya wa. Fadojin yankin da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya farawa da ɗaukar hoton kayan a hannun masu su, tare da naɗar bayanin dukawa da maƙeran da suka rage.