Kada Mu Yi Saurin Fid da Rai da Tsohon da Ya Shanye

A gidajenmu da dama, idan tsoho ya wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi, maganar ɗaya ce: "Ai shekaru ne, sai addu'a." Wasu su ce iska ce ta shafe shi. Sai a shimfiɗa masa a ɗaki, a koma shafe-shafe da hayaƙi. Addu'a kam dole ce. Amma wannan saurin fid da rai zalunci ne, kuma mu ɗalibai ya kamata mu fara ƙin yarda da shi.

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take. Galibi gudan jini ne ke toshe wata jijiya, wani lokacin kuma jijiyar ce ke fashewa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Da jini ya yanke, cikin mintuna wurin ya fara mutuwa.

To, amma fa jiki ba ya naɗe hannu. Ƙwayoyin da ke gefen wurin, waɗanda suka galabaita ba su mutu ba, sukan saki wani sinadari mai suna VEGF. Shi ke sa ƙananan jijiyoyin jini su yi toho cikin 'yan kwanaki, su miƙa sababbin rassa. 'Yan injiniya za su gane: babban bututu ya toshe, sai a ja ƙananan layuka daga maƙwabta. A 1994, Krupinski da abokan aikinsa sun duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu bayan shanyewa, suka ga waɗanda suka fi yawan ƙananan jijiyoyi a wurin sun fi daɗewa a raye bayan ciwon.

Tsoho fa? Gwaji a kan ɓeraye ya nuna tsohuwar ƙwaƙwalwa ma tana wannan gyaran, sai dai a makare kuma bai kai na matasa ba. Hawan jini da ciwon suga suna ƙara masa nawa. Ma'ana, Baba ya fi kowa buƙatar taimako da wuri, sai ga shi shi ne ake ajiyewa a ɗaka.

Wani zai ce, "Malam, ɓera ai ba mutum ba ne." Haka ne. Kuma har yau babu wani magani da likitoci suka amince yana tsirar da jijiyoyin nan. Sababbin ma da fari yoyo suke yi, suna iya ƙara kumburi. Don haka mai lasifikar da ke tallan kwalbar "maganin shanyewa" a tasha, kuɗinka kawai yake so. Abin da aka tabbatar shi ne yawancin sauƙin da mai shanyewa ke samu yana zuwa ne a watanni 3 na farko, kuma gashin ƙashi da atisaye a hannun ƙwararru suna taimakawa. Wata ukun nan ne muke ɓatawa wajen yawon neman masu magani.

Kai ne ɗan bokon gidanku, ke ce ake tambaya. In kun ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a nufi asibiti nan take. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi take aiki. In an sallamo shi, ku riƙa kai shi gashi, ku taya shi atisayen da aka koya muku.

Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo. Hutun nan, ka auna jinin Baba da Mama kafin ka karɓi kuɗin makaranta. Ita kuma ƙungiyarmu, ranar 29 ga Oktoba ce Ranar Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya. Me zai hana ta kafa teburin awon jini kyauta a bakin get?