Shekara Bakwai Ana Cin Alwashi, Ƙuri'a Ɗaya Ta Gagara

Da tsakar daren Juma'a, 28 ga watan Yulin 2017, Majalisar Dattawan Amurka ta yi watsi da ƙudurin soke wani sashe na dokar inshorar lafiya da Barack Obama ya sanya wa hannu a 2010. Sanatoci 51 suka ƙi, 49 suka amince. Abin lura shi ne a lokacin jam'iyyar Rifablikan ce ke da kujeru 52 a zauren, ita ke da rinjaye a Majalisar Wakilai, ɗanta Donald Trump ne kuma ke fadar shugaban ƙasa. 'Ya'yanta uku ne suka juya mata baya: Susan Collins, da Lisa Murkowski, da John McCain, wanda bai daɗe da samun labarin yana ɗauke da cutar dajin ƙwaƙwalwa ba.

Jaridu sun fi mayar da hankali kan McCain da yadda ya kifar da babban yatsansa. A ganina, ɓarakar ta girmi wannan daren, kuma ta fi ƙarfin mutum uku.

A lokacin dokar tana zaune ne kamar tukunya a kan murhu mai duwatsu uku. An hana kamfanonin inshora korar mutum ko tsawwala masa kuɗi don yana da tsohuwar cuta. Amma idan aka tsaya nan, kowa zai jira sai ciwo ya kama shi kafin ya yanki inshora, kamfanoni su durƙushe. Saboda haka aka tilasta wa kowa ya yanka ko ya biya tara. Tilasta wa talaka sayen abin da ba shi da halinsa kuwa zalunci ne, sai gwamnati ta shigo da tallafi, ta kuma faɗaɗa shirin Medicaid mai kula da marasa galihu, tana biya da harajin da ta ɗora wa masu hannu da shuni. 'Yan Rifablikan sun yi wa jama'a alkawarin barin dutse na farko, domin kowa na son sa, su cire sauran biyun. Duk wadda ta taɓa ɗora girki ta san abin da zai sami tukunyar.

A zamanin adawa wannan bai dame su ba. Sun kaɗa ƙuri'ar soke dokar ko rage mata ƙarfi fiye da sau 50 a Majalisar Wakilai, suna sane da cewa Obama zai hau kujerar na-ƙi, kamar yadda ya yi a watan Janairun 2016. Harbi ne da bindigar da ba harsashi. Da aka sake kawo kusan wannan ƙudurin a ranar 26 ga Yulin 2017, ga shugaban da ke jira da alƙalami a hannu, sanatoci shida da suka goyi bayansa a 2015 suka ce a'a.

Ba tsoro kaɗai ba ne, lissafi ne. Zuwa 2017, kimanin mutum miliyan 20 suka sami inshora ta dalilin dokar, kuma jihohi 31 sun karɓi faɗaɗa Medicaid, ciki har da waɗanda ke hannun gwamnonin Rifablikan na lokacin irin su John Kasich na Ohayo da Brian Sandoval na Nebada. Shi kansa mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mike Pence, ya karɓi nasa salon yana gwamnan Indiyana. Sanatan da ya fito daga irin wannan jiha, in aka ce masa ƙudurin shugabansu Mitch McConnell zai zaftare dala biliyan 772 daga Medicaid cikin shekara goma, ya kuma ƙara mutum miliyan 22 cikin marasa inshora, kamar yadda Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta, masu zaɓensa yake gani a cikin alƙaluman. A ɗaya gefen kuma ga masu ra'ayin riƙau irin su Rand Paul da Mike Lee, waɗanda a wurinsu duk ƙudurin da ya bar tallafi da ƙa'idojin Obama yaudara ce. In an sassauta wa waɗannan, waɗancan su zame. Haka Paul Ryan ya janye ƙudurinsa a 24 ga Maris, sai a 4 ga Mayu ya tsallake da ƙyar, 217 da 213.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hanyar da aka bi. Mutanen da suka shekara bakwai suna zargin 'yan Dimokurat da gaggawa, su ne suka rubuta nasu ƙudurin a bayan labule, ba tare da zaman jin bahasi ba. Har ta kai wasu sanatoci suna neman tabbaci daga Ryan cewa abin da za su kaɗa wa ƙuri'a a daren nan ba zai zama doka ba! McCain a kan wannan ya fi tsayawa, ba don ƙaunar dokar Obama ba.

Kada kuma a ɗauka dokar ba ta da aibu. A Arizona, jihar McCain, kuɗin inshorar da ake auna kasuwa da shi ya haura ninki biyu a 2017, kuma a lokacin akwai gundumomi da dama a ƙasar da kamfani ɗaya tak ya rage. Mai matsakaicin ƙarfi da ya wuce samun tallafi ya ji a jikinsa. A 2017 Trump ya riƙa cewa a bar dokar ta rushe da kanta, yana kuma barazanar tsayar da kuɗin da gwamnati ke biyan kamfanoni don rage wa talakawa nauyi. Sanata Lamar Alexander, ɗan jam'iyyarsa, ya ɗauki wata hanya: shi da Patty Murray ta Dimokurat sun sanar da cewa kwamitin lafiya zai fara zaman jin bahasi a farkon Satumban 2017, domin daidaita kasuwar kafin kamfanoni su tsayar da farashin 2018.