Gashin ciwon daji: a san inda haske ya tsaya

Duk wanda ya yi aiki a mahaƙar Arlit ko ta Akuta ya san ɗan ma'aunin nan da ma'aikaci ke ratayawa, mai ƙidayar hasken uraniyom da ya ratsa jikinsa. Ido ba ya ganin wannan haske, sai awo. Danginsa ne likitoci ke harbawa domin gasa ciwon daji, kuma can ma awon ne abin lura.

Hasken da aka saba gashi da shi yana ratsa jiki ya fita ta baya, yana taɓa lafiyayyen nama. A 1946 wani masanin Amurka, Robert Wilson, ya ba da shawarar a yi aiki da furoton, ƙwayar da ke cikin cibiyar zarra. Furoton kan shiga jiki ya tsaya a wani zurfi, ya juye yawancin ƙarfinsa nan. Amfanin ke nan, haɗarin ma ke nan. In lissafi ya kauce da milimita kaɗan, sai gefen ƙari ya ƙi gasuwa, ko a ƙone jijiyar gani.

Don haka ake ɗaukar hoto. Inda furoton ya bi yakan bar oksijin-15 da kabon-11 masu fid da haske. Rabin na farko yana gushewa cikin minti 2, na biyu minti 20, sai an gaggauta shigar da majinyaci na'urar PET. Wata dabarar ba ta jira: kyamara ce ke kama hasken gama mai fitowa lokacin harbin. A Dresden ta Jamus aka fara gwada ta ga majinyaci a 2015.

Nijar ba ta da injin furoton, ba mu kuma ce a sayo shi gobe ba. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. A shekarar ce aka rufe Akuta, wadda ke fid da uraniyom tun 1978. Tsohon ma'aikaci da ke zaune Akokan, in ciwon ya kama shi, tafiyar sama da kilomita 1000 ke gabansa.

Muna kira ga magabata su horar da 'ya'yanmu aikin awon haske a asibiti, domin kowane injin gashi yana bukatar mai tabbatar da inda haskensa ya faɗa. A kuma shirya yadda hoton da aka ɗauka a arewa, tare da takardar awon da aka yi wa ma'aikaci a mahaƙa, za su isa hannun likitan Yamai tun majinyaci bai hau mota ba.