Farfesa Umaru Shehu da aikin lafiyar da ba a yi masa bikin buɗewa

A unguwar Bulumkutu da ke Maiduguri akwai babban asibiti mai ɗauke da sunan Farfesa Umaru Shehu. Karramawa ce da ta dace. Sai dai duk wanda ya san tarihin marigayin zai ga ɗan abin mamaki a ciki, domin mutumin da aka sa wa asibiti sunansa ya ƙarar da rayuwarsa ne wajen neman yadda za a rage masu kwanciya a asibiti.

An haife shi a 1930, ya yi karatun likita a Ibadan da Libaful ta Ingila, ya kuma rasu ranar 2 ga Oktoba, 2023. A zamanin da likitocin Arewa ba su taka kara sun karya ba, kowane fanni ya so zai samu. Sai ya zaɓi lafiyar al'umma, ya jagoranci wannan sashe a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ya koma gida Jami'ar Maiduguri.

Fanni ne da ba ya jan hankalin matasan likitoci, kuma dalilin a fili yake. Likitan tiyata yana ganin sakamakon hannunsa nan take, dangin majinyaci su yi masa godiya da addu'a. Shi kuwa likitan lafiyar al'umma, aikinsa bin rijiyoyi ne da masai da magudanan ruwa, da ƙirga yara nawa aka yi wa allura a mazaɓa, da binciken abin da ya hana mata zuwa awon ciki. Idan ya yi nasara, babu abin da zai faru. Yaron da ƙyanda ba ta kama ba, ba zai taɓa sanin wanda ya tsare shi ba. Haka ma gwamna: ya fi son ginin da za a yi wa bikin buɗewa a kan firjin ajiye allura a wani ƙauye da babu mai ɗaukar hoto.

An ga amfanin irin su Farfesa Shehu a 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa, Kano a kan gaba, suka dakatar da riga-kafin shan-inna bisa zargin an gurɓata maganin don hana haihuwa. Tsoron jama'a yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano ba a lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Marigayin na cikin masanan da gwamnatin tarayya ta dogara da su wajen tantance maganin, ya kuma fito ya ce lafiyarsa ƙalau, a lokacin da faɗin hakan ke jawo wa ɗan Arewa Musulmi zagi. Kafin Kano ta dawo da riga-kafin a 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama, a jiharsa ta Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Allah Ya nuna masa wannan rana da ransa.

Amma ga mashaƙo ya dawo tun ƙarshen 2022, kuma Kano ce ta fi jin jiki. Cuta ce da allurarta ke cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14. Mafi yawan yaran da ta kama ba su samu cikakkiyar allurar ba. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan yaran da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba, kuma akasarinsu a Arewa suke. Kwalara kuwa ta zama baƙuwar kowace damina.

Ba doka ce babu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Tun 2001 ma shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, alƙawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba.

Ya kamata gwamnonin Arewa su riƙa wallafa nawa kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ta karɓa daga wannan asusu, da abin da aka yi da shi. Su ɗauki ma'aikatan lafiya da ungozomomi daga cikin 'ya'yan ƙauyukan, su biya su a kan kari. Jami'o'in da ke horar da likitoci kuma su daina ɗaukar zaman ɗalibai a karkara a matsayin 'yan makonnin da ake haƙuri da su kafin a koma asibitin koyarwa, su kuma ware gurbin tallafi ga duk wanda ya zaɓi ƙwarewa a lafiyar al'umma.