Tafiyar Ba-Zata Ma Tana da Tushe

Ranar Juma'a da yamma, a tsakiyar watan Maris, miji da mata a birnin Oslo za su iya tashi daga aiki su yanke shawarar cewa a tsauni za su kwana. Su ɗauki jaka, su hau jirgin ƙasan da ke zuwa Bergen, su sauka a Finse, tashar da ke bisa tudun mita 1,222, inda babu hanyar mota. Washegari su ɗaura katakon sulu a ƙafa, su ratsa dusar ƙanƙara zuwa wata bukkar katako. Mai kallo daga nesa zai ce soyayya ce kawai ta motsa. Soyayyar tana nan, amma akwai abin da ya share mata hanya tun kafin a haife su.

A shekarar 1868 aka kafa ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta ƙasar Norwe, wadda ake kira DNT. A yau tana kula da bukkoki sama da 500. Da yawansu babu mai gadi. Mabuɗi iri ɗaya ke buɗe su, kuma kowane ɗan ƙungiya yana iya mallakarsa. A wasu akwai gadaje, barguna, itacen girki da abincin gwangwani. Baƙo ya ci, ya rubuta abin da ya ɗauka, ya biya daga baya. Dokar 1957 kuma ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa daji da tsauni, ko da ƙasar tana da mai ita. Wato abin da ake gani kamar ganganci ya tsaya ne kan amanar da al'umma ta daɗe tana reno.

To, me ma'aurata ke nema a ɗakin da galibi babu lantarki, bayi kuma yana waje? Aikin da ke cikinsa shi ne ribarsa. Ɗaya ya hura wuta, ɗaya ya ɗebo dusar ƙanƙara a narkar a sami ruwan sha. Zaman birni yakan mayar da miji da mata abokan lissafi: kuɗin makaranta, haya, biki, jinyar dangi. A bukka, lissafin ya taƙaita ga ɗumi da abinci, sai a sami sararin maganar da aka yi watanni ana ɗagawa. Aure yana buƙatar irin wannan keɓewa, kuma wanda ya ce sai komai ya daidaita sannan zai neme ta, zai tsufa yana jira.

Akwai masu cewa tafiya ba shiri a irin wannan sanyi wasa da rai ne, kuma suna da hujja. A hutun Ista na 1967 mutum 18 suka rasu a tsaunukan Norwe, abin da ya sa aka sabunta ƙa'idojin shiga tsauni, aka dage wajen koya wa jama'a su. Ƙa'idojin sun umarci matafiyi ya duba hasashen yanayi, ya sanar da wani inda ya nufa, ya kuma juya da wuri idan hanya ta ɓaci, domin juyawa ba abin kunya ba ne. Wasu bukkokin ma a rufe suke a tsakiyar hunturu, sai an bincika. Ranar tashi ce kaɗai ke zuwa ba zato. Kayan sanyi, taswira da sanin hanya an tanade su tuntuni.

Darasin bai tsaya ga masu dusar ƙanƙara ba. Ma'auratan da ke son wata rana su ce wa juna "tashi mu tafi" sai sun riga sun ajiye ɗan guzuri, sun san hannun da za su bar yara, sun kuma saba da zama su biyu ba tare da waya ta shiga tsakani ba. Al'adar bukkokin tana da sharaɗi na ƙarshe: kafin a fita, a share ɗaki, a shigo da itace, domin wanda zai iso a gajiye cikin dare ya tarar da abin hura wuta.