Faransa: ɗakin katako a harabar gida ya daina ɓuya ga hukuma

A garuruwan Faransa, magidanta da yawa, ciki har da 'yan Nijar da Kamaru da Cadi da suka mallaki gidaje a can, kan kafa ɗan ɗakin katako a harabar gida don ajiye kaya, ko yin aiki, ko saukar baƙo. Da yake ana sayen irin wannan ɗaki a shago a harhaɗa shi cikin kwana biyu, mutane kan ɗauka bai kai a kira shi gini ba. Dokar tsara birane ta ƙasar kuwa gini take ɗaukarsa, kuma yanzu hukuma ta samu hanyar hango shi daga sama.

Faɗin ɗakin ne ke yanke hukunci. Idan bai wuce murabba'in mita 5 ba, a mafi yawan wurare ba a neman wata takarda. Daga sama da 5 zuwa 20, sai an shigar da sanarwa a ofishin magajin gari, wadda ake kira déclaration préalable, a jira wata guda. Abin da ya haura 20 kuwa sai da cikakken izinin gini, permis de construire, wanda kan ɗauki wata biyu. A unguwannin da ke kusa da gine-ginen tarihi, ko ƙaramin ɗaki ne sai an sanar, kuma jiran ya fi tsawo.

Bayan haka, garuruwa da yawa na da nasu kundin tsari, PLU, mai fayyace tsayin gini, da irin rufi, da tazara tsakaninsa da maƙwabci. Inda babu wannan kundi, dokar ƙasa ta ce ko a jingina ginin da kan iyakar fili, ko a ja baya da aƙalla mita 3. Wanda ya samu izini zai kafa allo a bakin gida, kuma maƙwabta na da wata biyu su ƙalubalanci aikin.

Sai batun kuɗi. Duk rufaffen ɗaki da ya wuce murabba'in mita 5, tsayinsa ya kai mita 1.80, ana biya masa harajin gini sau ɗaya. A shekarar 2025 an ƙiyasta kowane murabba'in mita a kan Yuro 930, a yankin Paris kuma 1,054. Gari kan ɗauki kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na wannan ƙima, gunduma kuma har kashi 2.5. Ke nan ɗaki mai murabba'in mita 15 a wajen Paris na iya cin sama da Yuro 1,000. Wasu garuruwa sun yafe nasu kason a kan ƙananan ɗakuna, don haka tambaya kafin saye na da riba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne sa ido. A 2022 hukumar haraji ta bayyana cewa ta gano wuraren ninƙaya fiye da 20,000 da ba a sanar ba a gundumomi tara, ta hanyar hotunan sama da kwamfuta ke tantancewa. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa sauran ƙasar, hukumar kuma ta ce za ta juya kan ƙarin gine-ginen da aka ɓoye. Katanga da itatuwa sun daina zama sutura.

Hukuncin gini ba izini na da nauyi: tara daga Yuro 1,200 har zuwa 6,000 a kan kowane murabba'in mita, kuma kotu na iya ba da umarnin rushewa. Ana iya gurfanar da mai shi cikin shekaru 6 da kammala aikin, magajin gari kuma na da shekaru 10 na neman a rushe. Matsalar kan sake tasowa ranar sayar da gida, lokacin da mai saye ya nemi takardu.

Masu sukar tsarin na ganin nauyin ya yi yawa a kan ɗakin ajiye keke da kayan lambu. Hukumomin gari kuwa na cewa kuɗin ne ke gina hanyoyi da makarantu. Ga iyalin da ya kwashe shekaru yana tara kuɗin gida a ƙasar baƙunta, rigakafi ya fi magani: a auna fili, a leƙa ofishin magajin gari, sannan a kira kafinta.